Malam Fes da Daɓen Gwaggo

A danginmu kaf, in aka cire jaririn da aka tsamo daga ruwan wanka yanzun nan, babu mai tsaftar Malam Fes. Ba sunansa na yanka ba ne. Taubasai ne suka liƙa masa shi tun yana yaro, lokacin da yake wanke ƙwallo kafin ya yarda ya buga ta, sunan kuwa ya bi shi har ya danne na gaskiyar. Mutum ne da sai ya ɗauraye sabulu kafin ya wanke hannu da shi. An ce wata rana ƙuda ya sauka a kafaɗarsa, santsi ya kwashe shi ya faɗo ƙasa ya karye.

Sai Allah ya jarrabe shi da sana'ar ƙura. Direba ne, yana kai abincin kaji gonakin bayan gari, ta hanyoyin da yashi ke haɗiye ƙaramar mota har wuya. Motarsa tsohuwar a-kori-kura ce, irin wadda tayoyinta huɗu duka suke ja. Ita ce gonarsa, ita ce shagonsa, ita ke ciyar da matarsa da 'yan biyunsu. Kullum da farar riga yake fita, da ita fara ƙal kuma yake dawowa, har abokan aikinsa suna zargin wata yake ɓoyewa a ƙarƙashin kujerar mota. Sun yi masa ƙazafi, biyu yake ɓoyewa.

Gidan da suke zaune na Gwaggo ne, ƙanwar mahaifin matarsa, tsohuwa mai ƙaramin jiki da babbar murya. Ta ba su ɗaki da falo, ta kuma yarda motar ta riƙa kwana a tsakar gida. Wannan alfarma ba ƙarama ba ce. A layin nan, motar da ta kwana a waje takan wayi gari zaune a kan bulo, babu taya babu batir, wani sa'in har madubai an aske mata. Wanda ya zauna a ɗakunan kafin su shi ma mai mota ne, kuma baƙin mai ne ya raba shi da gidan. Ya yi juyen mai a tsakar gida, ya bar tabo mai faɗin tabarma. Gwaggo ta sallame shi, ta sa aka fasa daɓen gaba ɗaya aka zuba sabon siminti, sumul, mai haske, wanda ita da kanta take sharewa don ba ta yarda da tsintsiyar kowa ba.

Ranar da ta miƙa wa Malam Fes makullin get, magana ɗaya ta yi masa.

"Yaron nan, mota ta kwana, ban hana ba. Amma nan ba gareji ba ne. Ranar da na ga ɗigon mai a daɓen nan, ko da girman idon kiyashi ne, ranar motarka za ta koyi kwanan titi."

Ya durƙusa ya ce, "Ba za a gani ba, Gwaggo, da yardar Allah."

An daɗe ba a gani ba kuwa. Kowace yamma sai ya tura kwali ƙarƙashin injin kamar mai yi wa jariri shimfiɗa.

Ana nan sai motar ta fara wani ƙugi daga cikinta duk lokacin da ta shiga yashi. Ya kai ta wurin makanikinsa, wanda kowa ke kira Baƙin Hannu. Baƙin Hannu ya leƙa ƙasa, ya nuna masa wani ƙaramin akwatin ƙarfe a bayan akwatin giya.

"Ka ga wannan? Shi muke kira taransifa. Shi ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Man da ke ciki ya girme 'yan biyunka. Kawo makulli in hau da ita kan rami."

Malam Fes ya dubi hannun da aka miƙo masa, ya tuna zuwan da ya yi na baya, yadda ya kwana biyu yana goge sitiyari da kujera da marfin ƙofa. Sai ya mayar da makulli aljihu.

"Aikin yana da wuya ne?"

"Noti biyu ne kawai, mutumina. Na ƙasa na zubarwa, na sama na ɗurawa. Amma motar ta tsaya a inda yake shimfiɗe, ba tudu ba gangare. Kuma ka fara da..."

Daidai nan wani yaron gareji ya gifta da bokitin baƙin mai yana tangal-tangal, Malam Fes ya yi tsalle gefe yana tattare riga, ƙarshen maganar ta wuce ta bayan kunnensa.

Titin ƙofar gidan gangare ne, ga kwata a gefe. Wuri ɗaya ne shimfiɗaɗɗe a duk unguwar, kuma kowa ya san shi: daɓen Gwaggo. Malam Fes ya sayi man giya ya ɓoye a bayan kujera, ya zauna jiran ranar da Gwaggo za ta fita, ita da ba ta cika fita ba.

Ranar ta zo. Da hantsi, 'yan biyu suna makaranta, Gwaggo ta yafa mayafi ta fita. Ƙarar rufe get ba ta gama mutuwa ba ya fara shiri. Ya shimfiɗa leda, ya ɗora buhunan abincin kaji da aka zazzage, ya ɗora kwali, ya zuba yashi a tire, ya ɗora baho a tsakiyar tiren. Likitan da zai fiɗe sarki ma bai kai shi shiri ba.

Matarsa, wadda ke ɗinki a bakin taga, ta tsayar da keke ta leƙo.

"Baban 'yan biyu, haihuwa motar za ta yi?"

"Ki yi a hankali da murya. Aikin ɗan lokaci ne."

"Ni dai babu ruwana. Gwaggona ce, na san halinta tun ina rarrafe. In ta kore motar, ba ni zan kwana a titi ina gadinta ba."

"Ɗigo ɗaya ba zai taɓa ƙasa ba. Ki tsaya ki ga aikin ilimi."

Ya shige ƙarƙashin motar da sifana. Duk hankalinsa yana kan abu ɗaya, wato inda man zai faɗa. Ya auna bakin notin ƙasa da bahon, ya matsar da bahon, ya mayar da shi, ya sake matsarwa. Ya kwance notin a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Man ya ɓulɓulo, baƙi wuluk, mai kauri, da wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya auri tafarnuwa. Ya sauka tsakiyar baho ɗas. Malam Fes ya riƙe numfashi har ɗigon ƙarshe ya faɗa, ya goge bakin ramin, ya mayar da noti ya ɗaure. Ko kwalin bai san an yi ba.

"Uwar 'yan biyu, zo ki ga hannun gwani."

Ta leƙo ta toshe hanci. "Sannu da aiki. Sai ka zuba sabon mu huta."

Ya ɗora sifana a notin sama ya ja. Notin bai motsa ba. Ya gyara kwanciya ya sake ja, har jijiyar wuyansa ta fito kamar igiyar rijiya. Notin yana nan yadda kakan motar ya bar shi, tsatsa ta ɗaura masa aure da akwatin. A ja na uku sifanar ta zame, gefen notin ya ɗan gutsure.

Ya ajiye sifanar. Ya laluba waya da yatsu biyu ya kira Baƙin Hannu.

"Notin sama ya ƙi."

"Ba komai, ka bar shi haka ka kawo ta in duba."

"Ai na riga na zubar da tsohon."

Ta cikin wayar ya ji Baƙin Hannu ya ajiye guduma.

"Wanne ka fara kwancewa?"

"Na ƙasa."

"Kai, mutumina. Me na ce maka? Na sama ake fara buɗewa, don in ya ƙi, manka yana ciki, ka tuƙo abarka ka zo. Ko yaron da ya fara aiki jiya ya san wannan. Ka zubar da ruwan tulu ba ka duba ko rijiya na da guga ba."

"Yanzu in na lallaɓo da ita a hankali fa?"

"Ka lallaɓo, in ka kai bakin layi ka tsaya ka tsince haƙoran akwatin a leda ka kawo min. Kada ka kuskura ka motsa ta. Bari in gama da wannan in zo da kayan aiki."

A ransa Malam Fes ya hango Baƙin Hannu a tsakar gidan Gwaggo, da takalminsa da ke barin sawu ko a kan kwalta, da yaransa, da gwangwanayensa masu yoyo.

"A'a, kada ka zo. Don girman Allah kada ka zo. Faɗa min dai yadda zan yi."

Baƙin Hannu ya yi dariya har da tari, sannan ya ce a jiƙa notin da kananzir, a ɗan ƙwanƙwasa shi da guduma, a jira, a nemo dogon bututun ƙarfe a zura wa sifanar don hannu ya yi tsawo. "In kuma ka gama cinye kan notin, to sai walda. Ka gaishe min da Gwaggo."

Ya ɗiga kananzir da auduga, ɗaya hannun yana tare da tsumma. Ya ƙwanƙwasa. Ya kwanta yana kallon cikin motarsa, yana jin zuciyarsa tana dakan da ya fi na gudumar. Duk babur ɗin da ya wuce a layi sai ya ji kamar a ƙofar gidan ya tsaya. Ya fara lissafin rayuwar motar a titi: yau batir, gobe taya, jibi shi da kansa yana bin gonaki a ƙafa da buhu a ka.

Matarsa ta tsuguna gefen taya. "Ka kwashe kayan nan ka share wurin. Gobe a san dabara."

"Gobe tana gida. Motar da ba ta taɓa fashin fita ba ta kwana ta wuni, me zan ce mata? Jan ta za a yi ko makaniki za a kawo, duk a gabanta ne." Ya leƙo daga ƙarƙashin motar. "Wai ina ma ta tafi?"

"Asibitin ido."

"Me ya samu idon?"

"Babu komai. Sabon tabarau ta je karɓowa. Ta ce tsohon ba ya nuna mata ƙananan abubuwa."

Malam Fes ya rufe ido. Da tsohon tabarau Gwaggo take hango zaren ɗinki a ƙasa daga ƙofar ɗakinta. Da sabo kuwa, ai har tunanin mutum za ta karanta.

Bututun ƙarfe guda ɗaya ne a gidan, shi ne wanda ke tokare da igiyar shanyar Gwaggo. Matar ta ce ba da hannunta ba, sannan ta je ta zaro shi, igiyar ta sunkuyo, zannuwan Gwaggo suka rusuna kamar masu gaisuwa. Ya zura sifanar a bakin bututun, ya danna kanta a jikin notin da tafin hannu don kada ta sake zamewa, ya ce matarsa ta kama ƙarshen bututun daga waje.

"Ki ja a hankali. A hankali na ce, ba fizga ba."

"To malamin ilimi, in ja ko in bari?"

"Ja."

Ta ja. Babu labari. Ta tokare ƙafa a taya ta ja da duk ƙarfin da take taka keken ɗinki. Wani abu ya ce ƙas. Malam Fes ya tabbata kan notin ne ya fita, har ya fara salati. Da ya shafa da yatsa sai ya ji yana juyawa. Ba don babu wurin tashi ba, da ya yi rawa.

Ramin sama a gefe yake, babu wurin kafa mazurari. Amma wannan kam ya shirya masa: gorar roba ce da ya huda murfinta ya zura siririn tiyo. Matar tana cika gora tana miƙo masa, shi yana matsawa, man yana tafiya cikin tiyon a hankali kamar tsohuwar da ba ta son zuwa inda aka aike ta. Gora ta farko ta ƙare, ta biyu ta yi rabi. Sai ya tuna bai san iyakar ba. Ya sake kira, ya maƙale wayar a kafaɗa.

"Ya buɗe. Yaya zan gane ya cika?"

"Sai ya yi amai."

"Ban gane ba."

"Ka yi ta ɗurawa har man ya dawo ta ramin ya zubo waje. In bai zubo ba, bai cika ba. Haka aka yi shi, babu wani ma'auni."

Malam Fes ya kalli ramin kamar wanda aka ce wa sai ya yi ɓari kafin a yarda ya iya cin abinci. Wato duk shirin nan, ƙarshen aikin zubarwa ce dole. To, ai ga baho, ga tire, ga kwali. Ya ci gaba da matsawa.

A lokacin ne muryar ta taso daga bakin layi, tana tambayar mai kanti lafiyar iyalinsa. Muryar Gwaggo ba ta buƙatar sallama, ita ke yi wa kanta iso.

Matar ba ta jira umarni ba. Ta sure bahon tsohon mai ta yi bayan gida da shi, ta dawo ta janye tire, ta fizge kwali da buhuna da leda, har wanda yake kwance a kai sai da ta zare kamar mai canza zanin gadon majinyaci.

"Ke, bai cika ba tukuna."

"Ya cika ko bai cika ba, ta kusa shagon mai aski."

Kafin ya ce a dawo masa da ko tsumma, akwatin ya yi aman da aka yi alkawari. Man ya leƙo bakin ramin, ya gangaro ta jikin ƙarfen, ya taru a ƙasan akwatin ya yi nono, a ƙarƙashinsa kuwa babu komai sai simintin Gwaggo tsirara.

Mutumin da ke ɗauraye sabulu bai yi shawara da kowa ba. Ya ja jiki ya shimfiɗa ƙirjinsa a wurin. Ɗigon farko ya sauka a tsakiyar farar rigarsa, na biyu ya bi, sannan suka daina zuwa ɗai-ɗai. Ya zare tiyo, man cikinsa ya bi hannunsa har hammata. Ya laluba noti ya ɗaura da yatsu masu santsi, ya ƙarasa da sifana, ya goge jikin akwatin da hannun riga. Ya fito da baya da baya yana rungume da ƙirjinsa kamar mai ɗauke da jinjiri, ya jefa gora da sifana cikin mota, ya zaro ɗaya daga cikin rigunan nan na ƙarƙashin kujera ya zura a kan mai man. Yana saka maɓalli na ƙarshe get ya buɗe.

Gwaggo ta shigo da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya zube gefen tayar baya.

"Sannu da dawowa, Gwaggo. An dawo lafiya?"

"Lafiya lau. Yau ba a fita ba?"

"Ana dai shirin fita."

Ta tsaya tana juya kai a hankali, tana gwada sabon idonta a kan kayanta. Ta dubi igiyar shanya da ta sunkuya. Ta dubi bututun da ke jingine a jikin mota. Ta shaƙi iska, ta yamutsa fuska.

"Wa ya fasa ruɓaɓɓen ƙwai a gidan nan?"

Daga bakin taga keken ɗinki ya tashi da gudu kamar ana bin sa.

Gwaggo ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin motar. Ta daɗe tana leƙe. Daɓe fes, ko ƙura babu. Malam Fes ya fara jin numfashinsa yana dawowa. Sai ya ji wani abu mai ɗumi yana bin cikin hannun rigarsa, ya taru a gwiwar hannu, ya saki. Ɗigo ɗaya, a gefen ƙafarsa ta hagu. Ya matsar da takalmi ya take shi.

Gwaggo ta jawo kujerarta ta zauna. Ta ba shi labarin layin asibiti. Ta ba shi labarin likitan da ya ce ta karanta haruffa, ita kuwa ta ce masa ya fara share yanar da ke saman allon. Ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, da kajin gonakin da yake kai wa abinci. Shi dai yana tsugune yana "lafiya lau," wani baƙin fure yana tsirowa a ƙirjin sabuwar rigar yana faɗaɗa.

"Yaron nan," in ji ta a ƙarshe, "ƙafarka ta hagu ba ta gaji ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ɗaga ƙafar. Ɗigon da bai fi ƙwayar wake ba, takalmi ya murje shi ya zama tambari, har da zanen ƙasan takalmin ɓaro-ɓaro.

Keken ɗinki ya tsaya.

"Da ka bar shi, da ɗigo ne," in ji Gwaggo. "Yanzu ka sa hannu."

"A yi haƙuri, Gwaggo. Zan wanke."

"Mai ba ya fita daga siminti, na fi ka sani." Ta dube shi daga wuya zuwa ciki, inda rigar ta riga ta manne. "Sauran man ina ya zuba?"

Ya dubi ƙirjinsa. Matarsa ce ta amsa daga taga, da ƙaramar murya. "A jikinsa ya tare, Gwaggo."

Tsohuwar ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar. Ta san shi tun kafin ya auri 'yar wanta, ta san mutum ne da ke canza hanya saboda kashin kaza. Gefen bakinta ya ɗan motsa, amma ta danne.

"Na rantse ranar da na ga tabo mota za ta fita, kuma ba na cin maganata. To yanzu idona sabo ne, bai gama sabawa ba. Ka ja motar nan baya kaɗan, tayar ta hau kan wannan abin. Nan za ta riƙa tsayawa. In ka fita da safe, matarka ta kife baho a wurin. Ranar da na fito na ga tabon a buɗe, ranar na gani."

Tun daga ranar, duk wanda ke son kallo ya zo layin da yamma. Malam Fes zai shigo da baya, ya tsaya, ya fito ya leƙa, ya koma ya matsa kamar faɗin yatsa, ya sake fitowa, matarsa na riƙe da baho tana "kaɗan, kaɗan, ya isa," Gwaggo kuwa tana kan kujerarta ta juya fuska bango har sai an ce mata an gama. Motar ta daina ƙugi. Rigar kuwa an wanke ta har sabulu ya gaji, warin bai fita ba, yanzu ita ake turawa ƙarƙashin injin a madadin kwali.